Bauca, makarantar cata ko ta unguwa: yadda za ka auna matsayin 'yan takarar shugabancin Amurka kan karatun ɗanka

Magidancin da ya samu takardar zama ɗan ƙasa a Amurka, yana da yara a makaranta, in zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato yakan ji ana jan sa gida biyu. Wannan ɗan takara ya ce a bar kuɗin gwamnati ya bi yaro duk inda iyayensa suka kai shi, ko da makarantar addini ce. Wancan ya ce kuɗin jama'a na makarantar jama'a ne, in aka yage shi talaka ne zai ji a jikinsa. Ga mutanenmu da ke Bronx, Houston, Columbus, Atlanta ko Minneapolis, kowace magana tana da inda take taɓawa. Muna son yaro ya tashi ya san addininsa da tarbiyyar gidansu. Kuma ba mu manta ba cewa makarantar unguwa ce ta karɓe shi ranar da ya sauka ba ya jin Turanci, ta ba shi abinci da motar zuwa, ba ta tambayi takardun iyayensa ba.

Wanda ke tsakanin biyun shi nake wa wannan bayani.

Abin da ake jayayya a kai

Makarantar unguwa ita ce wadda hukumar ilimi ta gunduma ke gudanarwa. Adireshin gidanka ne ke nuna inda yaronka zai je, ba ka biyan ko sisi, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Wannan ne ya sa sau da yawa ta unguwar masu hali ta fi ta unguwar talakawa kayan aiki da gogaggun malamai.

Makarantar cata ita ma da kuɗin gwamnati take tafiya, kuma kyauta ce, sai dai wata ƙungiya aka ba kwangilar gudanar da ita na wasu shekaru. Ita ke ɗaukar malamanta, ita ke tsara lokutan karatu da dokokin ladabtarwa. In ta kasa, a ƙwace kwangilar. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokarta a 1991, ta farko ta buɗe a St. Paul a 1992. Yanzu yara wajen miliyan 3.7 ne ke karatu a irinsu.

Bauca kuwa kuɗi ne da jiha ke bai wa iyaye su biya makarantar kuɗi, har da ta Islamiyya ko ta coci. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ne ya kawo shawarar a 1955. Shiri na farko na zamani ya fara a Milwaukee a 1990, kuma wadda ta tsaya masa a majalisar jihar Wisconsin, Polly Williams, baƙar fata ce 'yar jam'iyyar Dimokurat, ta haɗa kai da gwamna Tommy Thompson na Rifablikan. Yau bauca tana da ƙanne biyu: asusun ilimi, inda ake zuba kuɗin a wani asusu iyaye su riƙa cirewa don kuɗin makaranta, littattafai ko malamin gida, da kuma rangwamen haraji, inda mai ba da gudummawa ga asusun tallafin karatu ake cire masa abin da ya bayar daga harajinsa. Sunaye uku ne, amma manufar ɗaya ce.

'Yan takara kan canja duk shekara huɗu, amma shekara talatin ke nan ana tsayawa a layi uku. Layi na farko yana son bauca da cata duka: nan George W. Bush, John McCain, Mitt Romney da Donald Trump suka tsaya. Na biyu yana son cata, ba ya son bauca: Bill Clinton da Barack Obama. Na uku ba ya son bauca, kuma yana kallon cata da idon tuhuma, ya fi son a zuba kuɗin a makarantar unguwa: Bernie Sanders, Elizabeth Warren, Joe Biden da Kamala Harris, kowa da zafinsa. Duk wanda zai fito a 2028, a ɗaya daga cikin ukun nan za ka same shi.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu huɗu ne. Na farko kuɗi: nawa ne zai fita daga aljihunka bayan gwamnati ta ba da nata? Na biyu ɗorewa: yaron da ya shiga aji ɗaya yau, tsarin zai kai shi ya gama sakandare, ko wani zaɓe zai rushe shi a tsakiya? Na uku sauƙin shiga: wa ke da ikon cewa a'a, kai ko makaranta? Na huɗu haɗari, ga karatun yaron da kuma haƙƙinsa a gaban doka.

Akwai wani abu da ke saman huɗun nan. Gwamnatin tarayya wajen kashi ɗaya cikin goma kawai take bayarwa na kuɗin makarantun firamare da sakandare. Sauran daga jiha da gunduma yake fitowa. Shugaban ƙasa yana naɗa ministan ilimi da alƙalan Kotun Ƙoli, yana sa hannu a dokar haraji, yana da bakin magana. Amma ko akwai bauca a garinku ko babu, gwamna da majalisar jiha ne ke yankewa.

Layi na farko: kuɗi ya bi yaro

Trump ya yi alkawarin dala biliyan 20 don wannan tsari a yaƙin zaɓen 2016. Majalisa ba ta ba shi ba. Ya naɗa Betsy DeVos ministar ilimi, wadda ta daɗe tana kashe dukiyarta kan yaɗa bauca, kuma sai da mataimakinsa Mike Pence ya raba gardama da ƙuri'arsa kafin Majalisar Dattawa ta amince da ita, 51 da 50. Shirinta na dala biliyan 5 na rangwamen haraji a 2019 shi ma ya mutu a majalisa. A 2024 kundin manufofin Rifablikan ya fito fili: zaɓin makaranta ga kowa a kowace jiha, da rufe Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Wannan karon an samu abin kamawa. Dokar haraji da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta kawo rangwame daga 2027: ka ba ƙungiyar tallafin karatu har dala 1,700, a cire maka daga harajin tarayya cif-cif, ita kuma ƙungiyar ta raba wa iyalan da samunsu bai wuce ninki uku na matsakaicin samun yankinsu ba. Sharuɗɗa biyu ne ya kamata ka riƙe. Ba za ka iya cewa gudummawarka ta ɗanka ce ba. Kuma sai jiharku ta ce ta shiga.

Ta fuskar kuɗi, a nan mutane suka fi ruɗuwa. Bauca ba ta nufin karatu kyauta. Arizona tana ba da wajen dala 7,000 ga yaro a shekara, Florida wajen 8,000, Texas kuma da ta yi dokarta a 2025 wajen 10,000. A ce makarantar Islamiyyar da kake so tana karɓar 11,000, jiharku na ba da 8,000. Gibin 3,000 ne. Yara uku, 9,000 ke nan a shekara. Ba a sa yunifom ba, ba a sa kuɗin rajista da littattafai ba, ba a sa abincin rana ba, kuma yawanci babu motar makaranta, wani ne zai ajiye aikinsa da safe ya kai su, da yamma ya ɗauko su. Mai tuƙin tasi da matarsa ke aikin kula da tsofaffi da dare ya san abin da wannan awa biyu take nufi. Bauca kamar kuɗin cefane ce da bai kai farashin kasuwa ba: mai abin cikawa ya dawo da nama, marar shi ya dawo da kwando. Shi ya sa da Arizona ta buɗe shirinta ga kowa a 2022, wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka fara nema yaransu dama ba a makarantar gwamnati suke ba. A Iowa kuma bayan shirin 2023, bincike ya nuna makarantun kuɗi da dama sun ɗaga farashi.

Duk da haka, ga gidan da dama yake ƙuƙutawa yana biya, dala 8,000 a kan kowane yaro ba wasa ba ce. Salam School ta al'ummar Musulmi a Milwaukee ta daɗe tana karɓar ɗalibai ta wannan hanya, kuma iyalai da yawa da ba za su taɓa iya biya ba sun samu shiga. Ban ga dalilin da zai sa a raina wannan ba.

Ta fuskar ɗorewa, ƙafar da layin ke tsaye a kai a kotu tana da ƙarfi. A 2002, a shari'ar shirin Cleveland, Kotun Ƙoli ta ce bauca a makarantar addini ba ta saɓa tsarin mulki ba. A 2020 kan Montana da 2022 kan Maine ta ƙara gaba: jihar da ta zaɓi tallafa wa makarantun kuɗi ba ta da ikon ware na addini ta hana su. Amma a akwatin zaɓe labarin daban ne. A Nuwamba 2024, ranar da Trump ya lashe Kentucky da gagarumin rinjaye, wajen kashi 65 cikin 100 na masu zaɓen jihar suka yi watsi da gyaran tsarin mulki da zai buɗe ƙofar bauca. A Nebraska, ita ma jihar Trump, suka soke shirin da majalisa ta kafa. A Colorado ma shawarar ta faɗi. Mutanen karkara 'yan Rifablikan ba su da makarantar kuɗi kusa, makarantar gunduma ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a garinsu, ba sa son a taɓa ta. Illinois ta bar nata shirin ya mutu a ƙarshen 2023, yara dubbai suka koma neman mafita. Shiri ɗaya tilo da tarayya ke biya kai tsaye, na birnin Washington da Bush ya kafa a 2004, an rufe shi ga sababbin ɗalibai a 2009 zamanin Obama, aka sake buɗewa a 2011. Uban da ya ɗora yara uku a kan bauca dole ya riƙa bin labarin majalisar jiharsu kowace shekara.

Sauƙin shiga: kai ke da kuɗin, makaranta ke da ƙofar. Tana iya yi wa yaro jarrabawa, ta duba tarihin halayensa, ta ce ba ta da malamin da zai kula da wanda Turancinsa bai nuna ba. A jihohi da yawa ba wanda zai tilasta ta.

Haɗarin nan biyu ne. Na farko karatu. A Louisiana, inda aka raba guraben da ƙuri'a har aka iya kwatanta wanda ya samu da wanda bai samu ba, yaran da suka tafi da bauca sun koma baya sosai a lissafi a shekarar farko. An ga raguwa a Indiana da Ohio ma. Dalilin a bayyane yake: manyan makarantun kuɗi ba sa buƙatar ɗaliban bauca, masu neman ɗalibai ido rufe su ne ke da gurabe. A gefe guda, binciken gwamnati na 2010 kan shirin Washington ya nuna kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka ba tallafin sun gama sakandare, waɗanda ba a ba ba kashi 70. A Florida ma an ga ƙarin masu shiga jami'a. Don haka sakamakon ya rataya ne a kan makarantar da ka zaɓa, kuma nauyin tantancewar a wuyanka yake.

Na biyu ya shafi Musulmi kai tsaye. A 2012 wata 'yar majalisar Louisiana, Valarie Hodges, da ta goyi bayan bauca, ta fito ta janye da ta fahimci makarantar Islamiyya ma na iya cin gajiya. Doka na tare da kai, hukuncin kotu bai bambanta addini da addini ba. Amma ba duk mai kiran 'yancin iyaye ne ya sa ka a lissafi ba, kuma masu rubuta ƙa'idojin shiga shirin a jiha suna da hanyoyin jan ƙafa.

Layi na biyu: cata e, bauca a'a

Clinton ne ya kafa asusun tarayya na tallafa wa buɗe makarantun cata a 1994. Obama da ministansa Arne Duncan suka yi amfani da gasar neman tallafin dala biliyan 4.35 da suka sa tsakanin jihohi a 2009 wajen matsa wa jihohi su ɗaga ƙayyadadden adadin cata da suke yarda a buɗe. Hujjarsu ita ce iyaye su samu zaɓi, amma a cikin gidan gwamnati: jarrabawa ɗaya, ƙofa a buɗe ga kowa, ba kuɗin makaranta, wadda ta gaza a rufe ta.

Kuɗi a nan ba matsala. Ba ka biyan komai sai yunifom da ƙananan abubuwa, sai dai motar makaranta ba ko'ina ake bayarwa ba.

Shiga ta ƙuri'a ce in masu nema sun fi guraben yawa. A birnin New York ana cike takarda kafin 1 ga Afrilu, a jefa sunaye, wanda bai fito ba a ba shi lamba a jerin masu jira. Wata uwa za ta ga lamba 14 ta yi ta duba waya har Satumba, wata ta ga 300 ta haƙura. Wanda yayansa ke ciki ana fifita shi, don haka in na fari ya samu, ƙannen sun huta. Ba a yi wa yaro jarrabawar shiga. Amma iyalin da suka sauka a watan Oktoba ƙuri'a ta riga ta wuce su.

A kan karatu, wannan layi ne ya fi hujja mai ƙarfi, kuma ina ganin ba a faɗin haka yadda ya kamata. Cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta bi diddigin lamarin sau uku. A 2009 ta samu cata 17 cikin 100 ne kawai suka fi makarantun unguwa a lissafi, 37 cikin 100 sun fi su lalacewa. Zuwa 2023 abin ya juya: ɗalibin cata yana samun ƙarin abin da ya kai karatun kwana 16 a shekara a fannin karatu da rubutu, kwana 6 a lissafi, kuma ribar ta fi yawa ga yaran baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka daga gidajen talakawa a manyan birane. Binciken da aka yi kan ƙuri'un shiga cata a Boston ya nuna haka, sakamakon jarrabawar Success Academy, jerin makarantun cata da ya faro daga unguwar Harlem ta New York a 2006, ma haka. Waɗannan su ne unguwannin da yawancin mutanenmu ke zaune.

Haɗarinsa shi ne cata suna suka tara. Waɗanda ake karatu ta intanet kawai sakamakonsu ya yi muni ƙwarai. A Janairu 2018 wata babba a Ohio, ECOT, ta rufe ana tsakiyar zango bayan jiha ta nemi ta dawo da wajen dala miliyan 80 kan ɗaliban da ba ta iya nuna suna karatu ba, yara kusan 12,000 suka watse. Waɗansu masu kyawun sakamako kuma tsananinsu ya yi yawa: kora ta kwana biyu kan ƙaramin laifi, kiran iyaye daga wurin aiki a kai a kai, har uwa ta gaji ta cire yaron da kanta. Wannan ne abin da Hillary Clinton ta taɓo a 2015 da ta ce yawancinsu ba sa ɗaukar yaran da suka fi wuyar koyarwa, ko in sun ɗauka ba sa riƙe su. Magoya bayan cata sun musanta, amma tambaya ce da ya kamata ka yi wa kowace makaranta: cikin waɗanda suka fara aji ɗaya, nawa suka kai aji takwas a nan?

Addini kuwa babu shi a cata, domin ta gwamnati ce. Ana iya koyar da Larabci a matsayin harshe, ba a koyar da ibada. Makarantar Tarek ibn Ziyad a Minnesota, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan Musulmi ne, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai ta kotu a 2009 kan zargin cusa addini da kuɗin gwamnati, ta rufe a 2011. A Mayu 2025 Kotun Ƙoli ta rabu 4 da 4 kan yunƙurin buɗe cata ta Katolika a Oklahoma, hanin ya ci gaba da aiki.

Ɗorewarsa abu ne mai fuska biyu. Su makarantun suna nan a jihohi fiye da 40, ba wanda zai iya share su. Amma layin kansa ya yi ƙarancin masu riƙe shi. Tun da ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta nemi a dakatar da faɗaɗa cata a 2016, jam'iyyar Dimokurat ta ja baya. Akwai sauran irin su Sanata Cory Booker, da gwamna Jared Polis na Colorado wanda shi da kansa ya kafa makarantun cata don 'ya'yan baƙi masu koyon Turanci. Ko irinsu za su kai ga tikitin jam'iyya, wannan na hannun masu zaɓen fidda gwani.

Layi na uku: a gyara ta unguwa

A 2019 Sanders ya nemi a haramta cata ta 'yan kasuwa masu neman riba, a kuma dakatar da kuɗin tarayya na buɗe sababbi. Warren ta ce a rufe asusun 1994 gaba ɗaya. Biden bai kai nan ba: ya tsaya kan hana masu neman riba, ya yi alkawarin ninka kuɗin Title I, wato tallafin makarantun da talakawa suka yi yawa, har sau uku. A 2022 ma'aikatarsa ta tsaurara sharuɗɗan samun tallafin buɗe cata. Harris ba ta yi dogon bayani kan cata ba a 2024, amma kundin jam'iyyarta ya yi adawa da bauca da rangwamen haraji a fili, manyan ƙungiyoyin malamai biyu suka mara mata baya, ta ɗauki Tim Walz, tsohon malamin sakandare, mataimaki. Gwamna Josh Shapiro na Pennsylvania, da aka yi ta ambata a kujerar, goyon bayan da ya taɓa bai wa bauca ya jawo masa suka daga cikin gida.

Kuɗi: kyauta, da mota, da abinci ga mai ƙaramin ƙarfi. Shiga: ba ƙuri'a, ba jarrabawa, ko wane wata ka zo. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya hana a kori yaro saboda matsayin takardun shige da fice. Yaro mai lalura, kurma ne, mai galahanga ne ko mai jinkirin fahimta, dokar tarayya da ta samo asali a 1975 ta ba shi haƙƙin tsarin karatu na musamman a rubuce, da zama da iyaye duk shekara, da damar kai ƙara in an tauye shi. Cata ma dokar ta hau kanta. Amma ranar da ka ɗauki bauca ka kai shi makarantar kuɗi, mafi yawan wannan haƙƙi ka ajiye shi a bakin ƙofa. Iyaye da yawa ba a faɗa musu wannan sai sun shiga.

Raunin layin shi ne alkawarinsa na gobe ne, yaronka kuma yau yake aji uku. Title I bai ninka uku ba, daga wajen dala biliyan 16.5 ya koma wajen 18.4. Dala biliyan 122 na tallafin annobar korona da aka bayar a 2021 wa'adinsu ya ƙare a 2024. Tarayya ta yi alkawarin ɗaukar kashi 40 cikin 100 na ƙarin kuɗin karatun masu lalura tun 1975, har yau ba ta cika wannan alkawari ba, ko wace jam'iyya ke mulki. Uwar da makarantar unguwarta ta shekara goma a ƙasan jadawali, in ka ce mata ta jira gyara, dole ka faɗa mata yaushe. Mai hali ya riga ya yi nasa zaɓin ranar da ya sayi gida a unguwa mai kyakkyawar makaranta.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Layi na 1 (Trump) | Layi na 2 (Obama) | Layi na 3 (Biden, Harris) |
|---|---|---|---|
| Bauca | E, ga kowa | A'a | A'a |
| Cata | E, a faɗaɗa | E, da sa ido | Da sharuɗɗa masu tsauri |
| Abin da za ka biya | Cikon kuɗin makaranta, mota, abinci | Kusan babu | Babu |
| Wa ke cewa a'a | Makaranta | Ƙuri'a | Babu, adireshi ne |
| Karatun addini | Akwai | Babu | Babu |
| Haƙƙin mai lalura | Ya ragu sosai | Yana nan | Yana nan cikakke |
| Ɗorewa | Ƙarfi a kotu, rauni a akwatin zaɓe | Makarantu na nan, masu goyon baya sun ragu | Tsarin na nan, ƙarin kuɗi ba tabbas |
| Babban haɗari | Makaranta marar inganci, soke shiri | Rufewa a tsakiyar zango, tsanani | Jiran gyaran da bai zo ba |

Wane ne ya dace da wa

In karatun addini a cikin ranar makaranta shi ne abin da ba za ka iya sassautawa ba, kana da abin cike gibi, kuma kana zaune a jiha irin Ohio, Florida, Arizona, Indiana ko Texas, layi na farko ne kaɗai ke ba ka abin da kake nema. Kafin ka cire yaro, je makarantar ka nemi sakamakon jarrabawar ɗalibanta da takardun malamanta, ka tambayi nawa ta ƙara a kuɗinta cikin shekara uku da suka wuce, ka kuma lissafa ko za ka iya ɗaukar nauyin shekara guda da kanka in shirin ya tsaya.

In kana babban birni, samunka daidai ruwa daidai tsaki, makarantar unguwarku ta gaza, kuma kana iya riƙe Islamiyya ta yamma ko ta Asabar da Lahadi, layi na biyu ya fi yi maka aiki. A ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Layi na farko ma yana goyon bayan cata, gaskiya ne, amma ka bambanta ɗan takarar da ke cewa a buɗe da wanda ke cewa a buɗe kuma a rufe wadda ta gaza, domin na biyun ne ya kawo cigaban da aka gani tsakanin 2009 da 2023.

In kana da yaro mai lalura, ko yaran da ba su daɗe da zuwa ba, ko a gidan akwai wanda takardunsa ba su kammala ba, ko kana ƙaramin gari da ba wata makaranta sai ta gunduma, layi na uku ne ke tsaron abin da kake dogaro da shi. Ka kula musamman da maganar rufe Ma'aikatar Ilimi, domin ofishin da ke karɓar koken nuna bambanci a makarantu a cikinta yake.

In kuwa a New York kake, kamar yawancin 'yan zango da ke Bronx, jiharku ba ta da bauca, kuma majalisar jihar da ke Albany ta ƙayyade cata 460 a faɗin jihar. Ko rangwamen dala 1,700 zai iso yaranku daga 2027, da ko za a ɗaga wancan adadi, duka biyun a teburin gwamna da 'yan majalisar jiha suke. Waɗannan kujeru su ne ya kamata ka fara tambayar masu nemansu inda suka tsaya.